Filin Gefen Titi

Ranar Laraba Baba ya kira ni a waya ina tsakiyar aiki a asibiti, ya ce in zo gida ƙarshen mako, akwai takardar da yake so in karanta masa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, amma tun ranar da na fara sa farin kaya yake ce mini Likita, kuma duk takardar da ta wuce shafi biyu sai ta jira zuwana. Na ce ai Yaya yana nan, shi ma ya iya karatu. Ya ce Yaya ya riga ya karanta, kuma ta yi masa daɗi da yawa, shi ya sa yake so wani ya sake dubawa.

Gonarmu ta kiwon shanu ce. Ta taso daga bayan gida ta gangara har rafi, gefe ɗaya kuma ta jingina da babban titi. Tun rasuwar mahaifiyarmu Baba ya sakar wa Yaya ragamar aikin, shi dai yakan zagaya da sandarsa yana gyara abin da bai lalace ba. Matar Yaya, wadda kowa ke kira Maman 'Yan Biyu, ita ke da tatsa da duk abin da ya shafi madara. Autanmu direban babbar mota ne, sai a yi wata uku ba a ga ƙeyarsa ba, amma da na isa ranar Asabar na tarar da motarsa ta tare rabin ƙofar gida.

Muka zauna a falo, fanka tana juyawa tana ƙara kamar za ta faɗo. Takardar shafi ashirin da shida ce, daga ƙungiyar masu kiwo ta yankinmu. Yaya ya yi mana bayani, kuma ya iya bayani. Ya ce za a raba filin kiwo gida-gida da shinge, shanu su ci wannan yau, a bar wancan ya huta har ciyawa ta dawo. Za a dasa itatuwa a bakin rafi. Idan aka yi haka, ƙasa da itatuwa suna shanye iskar kabon, irin wadda masana'antu ke fitarwa tana ƙara wa duniya zafi. Masu awo za su riƙa zuwa suna auna abin da ƙasarmu ta shanye, kamfanonin da ke fitar da hayaƙin su biya ƙungiya, ƙungiya ta raba wa masu gonaki.

Auta ya matso kusa da ni ya ce ashe dai a gidanmu za a fara samun 'yan kasuwar iska masu lasisi. Baba ya ji, ya yi kamar bai ji ba, amma na ga gemunsa yana motsi.

Na karanta a bayyane, shafi bayan shafi. Yawanci babu abin tsoro. A shafi na sha tara ne na rage sauri. Duk filin da aka sa a taswira, na tsawon shekara talatin ba za a nome shi ba, ba za a yi gini a kai ba, kuma ko sayarwa za a yi sai mai saye ya yarda da sharaɗin. Daidai lokacin Maman 'Yan Biyu ta shigo da shayi. Ta ajiye faranti, ta tsaya ta ji ƙarshen sakin layin, sannan ta fita.

Baba ya sa na maimaita. Ya ce shekararsa saba'in da biyu, wannan alkawari ba da bakinsa za a cika shi ba, don haka kowa ya faɗi ra'ayinsa. Yaya ya ce a sa gonar gaba ɗaya, daga titi har rafi, tunda gwargwadon faɗin fili gwargwadon rabo, kuma dama kiwo muke yi ba noma ba. Auta ya ce shi duk abin da aka yanke daidai ne, gonarsa tana da taya goma sha takwas. Ni kuwa na kira sakataren ƙungiya na tambaye shi abin da zai faru idan fari ya kashe itatuwan. Ya ce ba za a ci tarar kowa ba, sai dai rabon shekarar ya ragu. Ya kuma faɗa mini gaskiya cewa kada mu sa rai da wuri, awon farko ma sai bayan damina biyu. Baba ya ce to, mai awo za ta zo ranar Litinin, sai in nemi a riƙe mini aiki kwana ɗaya.

Washegari da safe na bi Maman 'Yan Biyu rumfar tatsa. Na manta yadda aikin yake cin baya. Ita kuwa hannunta ba ya tsayawa, tana tatsa tana lallashin wata jar saniya mai son harbi. Da muka cika garwa huɗu muka kai bakin ƙofa, muka jira mai babur ɗin da ke saye. Bai zo ba sai da rana ta ɗaga. Ya ɗanɗana garwa ɗaya ya ce ta fara tsami, ya ɗauki uku ya tafi.

A hanyar komawa ne ta gaya mini cewa ta daɗe tana son ɗan ɗaki a gefen titi, da firiji da teburi, ta riƙa dafa madarar tana zubawa a kwalba tana sayar wa masu wucewa da kanta. Sau biyu ta yi wa Yaya maganar, ya ce a bari sai an samu sarari. Yanzu kuma da ta ji shafin jiya, ta san magana ta ƙare. Na ce bari in tayar da zancen. Ta riƙe mini hannu ta ce don Allah kada in haɗa ta da mijinta, gonar ba ta ubanta ba ce. Abin ya tsaya mini a rai har dare.

Ranar Litinin mai awo ta zo, wata doguwar mata da takalmin roba da 'yar na'ura a hannu mai kama da waya. Ta ce za mu taka iyakar gonar da ƙafa, duk inda ta bi na'urar za ta ja layi, abin da ke cikin layin shi ne ke cikin yarjejeniya. Muka fara daga bayan gida, muka gangara rafi, tana tsayawa tana tona ƙasa kaɗan tana zubawa a leda. Baba yana gaba, bai yarda an riƙe shi ba ko a wurin santsi.

Da muka hauro gefen titi, sai Baba ya tsaya ya ce wa Auta ya je ya kira Maman 'Yan Biyu. Ta zo tana goge hannu da gefen zane, ta rusuna.

Baba ya ce, "'Yata, ɗakin nan da kike so, daga ina zuwa ina?"

Ta dubi Yaya, sannan ta dube ni. Na girgiza kai, don wallahi ban faɗa ba.

"Ba wanda ya gaya mini," in ji Baba. "Kullum da safe ina zaune a ƙofa ina ganinki kina auna wurin nan da taku. Ni na tambaye ki, ba shi ba. Nuna mini."

Ta taka zuwa wani dutse da ke cikin ciyawa, daga nan zuwa wani. Ashe duwatsu huɗu ta ajiye tun bara. Baba ya tambayi mai awo ko an yarda a bar wani yanki a waje. Ta ce filinsa ne, inda ya ce layi ya bi nan zai bi, sai dai rabonsa zai ragu kaɗan. Ya ce ta bi ta bayan duwatsun, ta ƙara taku ashirin saboda masu tsayawa da mota.

Yaya bai ɗaga murya ba, amma fuskarsa ta canza. Ya ce gefen titin ne ya fi ciyawa mai kyau, kuma da an yi shawara da shi tukuna.

Baba ya ce, "An yi da kai sau biyu, ina ji daga ƙofa, ka ce sai an samu sarari. Ga sararin. Shekara talatin zan ɗaure muku ƙasar nan, kuma na yarda abin kirki ne. Amma wadda ke tashi kafin kowa saboda shanun nan ba a tambaye ta ba ranar Asabar, laifina ne wannan."

Mai awo ta sunkuyar da kai tana danne-danne a na'urarta. Muka ƙarasa zagayen Auta yana ta tambayarta ko na'urar tana gane hanyar da babu cunkoso. A falo Baba ya sa hannu, ya sa mu uku muka sa a matsayin shaidu, ya kuma miƙa wa Maman 'Yan Biyu biro.

Yaya ya yi kusan mako biyu yana gaisuwa a taƙaice. Aikin shingen ne ya sauko da shi, don ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma matarsa ce ta fi sanin wace saniya ke bin wace idan za a sauya musu wuri. Itatuwan bakin rafi kusan kashi ɗaya cikin uku suka mutu a ranin farko, aka sake dasawa. Rabon farko bai zo ba sai bayan shekara biyu da wata huɗu, kuma bai kai yadda Yaya ya zata ba. Ciyawar dai ta dawo fiye da yadda na taɓa gani, har ba a sayi dusa da yawa ba a rani na biyu.

Ɗakin kuwa Auta ne ya kawo bulo da kwanon rufi a hanyarsa ta dawowa daga wata tafiya. Zuwana na ƙarshe na tarar da Yaya a ciki shi kaɗai, matarsa ta tafi taron iyaye a makarantar 'yan biyu. Yana ta fama da murfin kwalba ya ƙi zama. Wata mata ta tsaya da mota ta leƙo ta ce ina mai wurin. Ya ce ba ta nan, shi ma'aikaci ne. Matar ta ce to za ta jira. Ya jawo mata kujera, ni kuma ya miƙo mini kwalbar ya ce in gwada, wai hannun masu allura ya fi saiti.