Ƙasar da ta ci sunan Kailu

A yankin Kurfey ba a ce wa mutum gwanin rijiya sai ya iya jera ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarka hawa-hawa, kamar mai jera kakanninsa. Kailu ya iya. Daga sama rairayi, sai jan gargari, sai marmara mai dakusar da diga, sai farar ƙasa da mata ke shafe ɗaki da ita. Daga nan sai a shiga sunayen mutane. Akwai wani yumɓu mai santsi da ake kira Alu, akwai wani baƙi-baƙi da ake kira Hamidu. Hamidun nan uban Kailu ne. Al'adar mahaƙa ce tun kaka da kakanni: ba a sa wa ƙasa sunan mutum sai wadda ta rufta da shi.

A shekarar fari, zamanin soja, rijiyar garinsu ta ƙafe ƙaf. Kailu ya kama haƙar sabuwa, gwamnati kuma ta aiko wani injiniya daga Yamai, Mushe Ɗanladi, wato Malam Ɗanladi a bakin masu Faransanci, da 'yar gudumarsa da littafi. Mutumin kirki ne, ban ɗauke masa ba, sai dai irin masu bokon nan da ke tambaya ba su tsaya jin ƙarshen amsa. Ya ja Kailu zuwa kwazazzabon da ruwa ya tsaga a gaɓar busasshen kwarin nan da ake kira Dallol, inda ƙasa ke tsaye a buɗe, hawa bisa hawa kamar zannuwa a adaka. Ya ce nan kogi ne a da, kafin kogi kuma teku, shekaru miliyoyi. Kailu bai yi musu ba, don ya sha tono ɓawon katantanwa a zurfin gaba ashirin.

Can gindin kwazazzabon akwai wata ƙasa toka-toka mai sanyi. Ita ce Kailu ya taras kwana ɗaya kafin nan a sabuwar rijiya. Mushe ya tambayi sunanta, Kailu ya ce ba ta da suna, ba wanda ya taɓa kai mata. Mushe ya yi murmushi ya rubuta wani abu.

Bayan kwana huɗu ya tara mutane a bakin rijiya, yana fara'a, ya ce ya aika takarda Yamai, daga yau sunan ƙasar nan toka-toka Kailu, don a girmama gwani. Ya tsaya jiran tafi. Ba wanda ya motsa, sai wata tsohuwa da ta fara salati a hankali.

Kailu ya ce, "Mushe, mi niy yi maka?"

Da aka warware masa al'adar, kunya ta kama Mushe, amma bakin alƙalami ya bushe. An buga hatimi, kuma a zamanin nan takardar da ta shiga ofis ba ta dawowa don wani mahaƙi ya ji tsoro.

Tsoro kuwa Kailu ya ji shi har cikin ƙashi. Amma shanu na faɗuwa, mata na fita da tulu tun safe su dawo da azahar da rabinsa, kuma ba wani mahaƙi a kusa. Da hantsi ya ɗaura igiya ya sauka. Ya wuce Alu. Ya wuce ubansa, ya yi masa addu'a kamar kullum. Da ƙafarsa ta taɓa tokar nan sai ya ji sanyi, alhali a sama rana na dafa ƙwai. Ya sara, ƙarar digar ba ta dawo ba sai bayan ya ɗaga hannu. Rairayi ya fara tsiyaya masa a wuya, a hankali, ba iska.

Ya dafa bangon da tafin hannu ya ce, "Suna kika so, ga shi nan, riƙe. Ni bar ni in hita."

Rairayin ya tsaya. Kafin la'asar ruwa ya ɓullo har gwiwa.

Da aka jawo shi, ya gaya wa gari cewa ya bar sunansa a ƙasa. A kira shi Baban Dija, da sunan ɗiyarsa. Wanda ya kira tsohon sunan ba zai amsa ba, don ranar da ya amsa ƙasa za ta san ya ƙwace abin da ya ba ta. Mutane suka saba. Soja suka tafi, suka dawo, suka sake tafiya, rijiyar ba ta ƙafe ba. Mata dai ba su cika son ɗiban ruwa su kaɗai ba.

Wadda abin ya fi yi wa ciwo ita ce uwarsa, Safi. Shi ne autanta, shi kaɗai cikin 'ya'yanta take kira da suna ba kunya. Shekara da shekaru tana cije harshe tana ce masa Auta. Da tsufa ya ci ƙarfinta, idonta ya rufe, hankalinta ya fara komawa baya, sai ta manta.

Ranar da za ta cika, da tsakar rana, yana zaune yana riƙe da hannunta. Gidan ba nisa da rijiya.

"Kailu," in ji ta.

Ya matsa hannun, ya ce ga shi nan. Ba ta san muryar ba, muryar tsoho ce. Ta sake kira. Hawaye na zubo masa cikin gemu, ya cije leɓe har ya ji jini. Ta kira na uku, da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

Daga can wajen rijiya, a zurfi, da muryarsa ta shekarar fari, aka ce, "Na'am, Inna."

Safi ta juya fuska wajen ƙofa tana murmushi, ta saki hannunsa.