Gaiwar Malam Maharazu

Duk unguwar da ke gindin Goron Dutse babu wanda bai san Malam Maharazu baduku ba, sai dai ba da dukancin aka san shi ba. Tun da idonsa ya daina ganin kafar allura ya bar wa 'ya'yan ƙannensa rumfar ya dawo gida. Abin da aka san shi da shi fatsa ce. Dattijo da furfurarsa, jikan malamai, kullum aka sallame la'asar sai ka gan shi ya saɓa gora, gwangwanin tana a hannu, ya nufi kududdufin Mai Kainuwa da ke bayan unguwa. 'Yan majalisar ƙofar masallaci su ce, "Sarkin Ruwa, a yo mana tsaraba." Ya ɗaga musu hannu ya wuce, kuma bai taɓa kawo tsarabar ba.

To me zai kawo? Ba ya cin abin da ya kama. Ya ciro kifi, ya dube shi sama da ƙasa, ya zare ƙugiya a hankali da yatsun nan nasa na baduku, ya mayar da shi ruwa. Matarsa Luba ta sha faɗa wa maƙwabta cewa ita ba ta taɓa ganin mai zuwa gaida kifi ba sai mijinta. In zai fita takan ce, "Malam, a ce ina gaishe su." Yana jin zafin zolayar, amma ba ya tankawa. Zaman bakin ruwan nan shi kaɗai ya rage masa a duniya wanda ba wani ya ba shi ba.

Kakanni ne suka haƙa kududdufin suna ɗibar ƙasar gini, rabin sorayen unguwar daga cikinsa suka fito. Da me aka sāka masa? Da shara. Kowa ya share gidansa nan zai juye, kwata ta ko'ina nan ta nufo, wanda gidansa ke gaɓa kuwa kowace shekara sai katangarsa ta ɗan matso, wai ba a gani. Karfasa ta ƙare, tarwaɗa ta bi ta. Gaiwa kaɗai ta rage.

Gaiwa kifi ce mai jure wahala. Idan rani ya tsananta ruwa ya fara janyewa, sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe jelarta a kan fuska, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafa a sama da take shaƙar iska. Haka za ta kwanta wata da watanni, ba ci ba sha, ƙasa ta bushe a kanta ta tsattsage. Ruwan sama ne mai tashinta. Da ya ratsa ya taɓa ta za ta farka, in kuwa ta farka dole ta sami ruwan da za ta yi iyo, in ba haka ba ta bushe ta mutu. Kowane rani Malam Maharazu yakan ajiye gora, amma bai fasa zuwa ya zauna a gaɓa ba, don ya san suna nan ƙasa suna jira.

Bana, a tsakiyar bazara, ya iso ya tarar an kakkafa turaku an ja igiya. Hashim magini yana tsaye a ciki, ɗan wani amininsa ne da ya rasu, yaron da aka raɗa wa suna a gabansa.

Hashim ya rusuna. "Baba, barka da yamma. Yau ma an fito?"

"An fito, Hashimu. Waɗannan turakun fa?"

"Wallahi Baba an sayar da wurin. Shaguna za a yi. Ni aka ba aikin ciko da kankare."

Malam Maharazu ya ce, "Ka faɗa wa mai wurin ya dakata ruwa ya sauka. Akwai rai a ƙasan nan. In sun tashi sai na kwashe su."

Hashim ya dubi busasshiyar ƙasa da ledojin da suka maƙale a cikinta, ya sosa ƙeya. Yaro ne mai tarbiyya, bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, ai ruwan ake gudu. In damina ta same mu ba mu yi ciko ba, tifa ba za ta shigo ba. Abin da zan iya, zan sa a fara daga can gabas, a bar maka nan gefen sai ƙarshe."

Iyakar abin da ya samu ke nan, kuma ya yi godiya.

Washegari da hantsi ya zo da fartanya da buhu. Aikin ba na tsoho ba ne, balle tsoho mai raunin ido. Kafar da gaiwa ke bari ba ta fi a zura ɗan yatsa ba, ga ƙasa duk tsaga. Sai ya durƙusa yana rarrafe yana lalube da hannu. Ta farko da ya samu, garaje ya sa ya kai sara kusa, fartanya ta raba ta biyu tana barci. Ya zauna daɓas a ƙasa yana salati, hawaye ya zubo masa, ya goge da hannu mai laka. Daga nan ya koyi haƙa daga nesa, ya zagaye, ya shiga ta ƙasa, ya ɗago curin lakar gaba ɗaya da mai barcin a ciki.

Masu wucewa suka riƙa tsayawa. Wasu suka ce tsohon ya fara taɓuwa, wasu suka ce wani abu aka binne yake nema. Ta gabas kuwa tifa sai shiga take tana fita, tana juye jar ƙasa da ɓaraguzan gini, kowace safiya tudun ya ƙara matsowa. Ranar da cikon ya iso inda yake, curi biyar ya fitar. Ya sani sarai na ƙasa sun ninka haka sau da yawa. Ya tsaya a gefe yana riƙe da ƙugu yana kallo aka rufe su, bayan 'yan kwanaki aka malala kankare a kai.

Biyar ɗin nan ya kai su gida ɗaya bayan ɗaya, ya jera a ɗan ɗakin ajiya da ke bayan madafa, ya rufa musu buhu. Luba ta leƙo ta ce, "Malam, wannan kuma mene ne?"

Ya ce, "Ƙasa ce. Kada a taɓa."

Nan fa ya yi wautar. Da ya buɗe baki ya yi mata bayani, da ta yi dariyarta ta gama, shi ke nan. Amma Malam Maharazu zurfin ciki gare shi, kuma ya gaji da zama abin dariya a waje, ba ya so ya zama a gida. Ya ja ƙofa ya yi shiru.

Sai neman inda zai kai su. Ya bi ta Ƙofar Na'isa, inda ya san kududdufi yana saurayi, ya tarar da gidan mai. Ya gangara Ƙofar Ruwa, ya sami wani da ya rage, ruwansa baƙi ƙirin da man mota, ko kwaɗo babu. Duk inda ya tambaya sai a ce, "Ai Baba an daɗe da cike shi." Ya dawo ƙafa a kumbure, zuciya a ɓace. Daga ƙarshe ya tuna wani tsohon mai sayen takalma a wurinsa, mutumin wani ƙauye a hanyar Wudil, wanda ya taɓa ce masa akwai tafki a bayan gonarsa. Ya ce wa Luba zai je gaisuwa, zai kwana.

Tafkin kuwa yana nan. Ƙarami ne, amma da ruwansa a tsakiyar bazara, ga kainuwa, ga laka mai laushi, kuma masunta ba sa zuwa. Mai gonar ya ce ya kawo ko buhu goma ne. Malam Maharazu ya tsoma hannu a ruwan ya ji sanyi har ransa. A mota yana dawowa har hira ya yi da wanda bai sani ba, abin da ya manta rabonsa da yi.

Washegari da azahar ya yi sallama a gida. Luba ta amsa daga tsakar gida, ta kawo masa ruwa, ta jira ya sha. Sannan ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Ashe rai ka kulle min a ɗaki?"

Kofin ya tsaya masa a hannu. "Wa ya faɗa miki?"

"Tani ta gidan bayanmu. Ta ce duk unguwa an san kifi ka tono. Kifi fa, Malam! A wannan zafin da mutum ma yake neman shiɗewa, ka ɗauko mai rai ka tsare shi ba ruwa, ka yi tafiyarka. In suka mutu da ƙishirwa a gidan nan, wa za a tambaya ranar gobe? Kai kaɗai? Ai har da ni da nake gani."

"Luba, me kika yi?"

"Abin da ya kamata. Jiya da ka fita na zuba musu buta biyu, da yamma na ƙara. Ruwan ma na shanmu ne, 'yan garuwa ba su shigo ba. Na ja musu ƙofa don kyanwa."

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya tura ƙofar ɗakin ajiyar, ƙarni ya buge shi. Curin duk sun narke sun baje, ruwan ya tsotse, lakar ta sake bushewa. Gaiwar sun farka kamar yadda Allah ya halicce su su farka, sun fito neman kududdufinsu, sun tarar da siminti. Ga sawun jan cikinsu nan a daɓe. Biyu sun kai bango, ɗaya ta shige bayan tsohuwar randa, ɗaya ta kai har bakin ƙofa. Ta biyar ko gama fita daga lakar ba ta yi ba. Fatarsu ta yamushe, kiyashi ya rufe musu ido.

Ya ɗauko baho ya juye sauran ruwan gidan, ya saka su ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna yana jira. Babu wadda ta motsa.

Luba tana tsaye a bayansa, ta toshe baki da mayafi. Da ƙyar ta ce, "Malam, ruwa fa na ba su."

"Na sani."

"Wallahi tausayi ne."

"Na sani, Luba. Ni ne ban faɗa miki ba."

Ya so a ce akwai wanda zai yi wa faɗa, da ya sami sauƙi. To wa? Matar da ta hana kanta ruwan sha don tsoron Allah? Ta fashe da kuka, shi ya koma yana ba ta haƙuri. Ya haƙa rami a gindin katanga ya binne su. Daga ranar Luba ba ta ƙara zolayarsa ba, kuma wannan ya fi zolayar ciwo. In an sallame la'asar sai ya dawo ya zauna a zaure yana kallon hanya, ita kuma ta riƙa leƙo shi.

Ba a rufa mako ba hadari ya haɗo daga gabas, da yamma. Iska ta taso, ƙamshin ƙasa ya cika gari, aka tsuge da ruwan fari kamar da bakin ƙwarya. Mata suna ta fito da bokitai da robobi, ko'ina sai hamdala kake ji. Malam Maharazu ya miƙe ya fita ba laima. Luba ta kira shi, bai waiwayo ba.

Lungu ya zama kogi, don ruwan unguwa bai san an sayar da gidansa ba, can ya nufa kamar kullum. Malam Maharazu ya bi shi har wurin. Kankare shimfiɗe fetal, ƙarafa tsaitsaye, ruwa yana taruwa a gefe yana kewaya, yana samun kafa tsakanin ɓaraguzai yana shigewa ƙasa. Ya tsaya yana kallon yadda yake shigewa.

Hashim ya hango shi daga rumfar leburori, ya rugo ya kama hannunsa. "Baba, a cikin ruwan nan? Shigo daga ciki." Da ya ga ba zai motsa ba, sai ya nemi abin da zai faranta masa. "Ai alhamdulillahi, Baba, ruwa ya sauka. Ko kankaren ma ya ji daɗinsa."

Malam Maharazu bai ji shi ba. Lissafi ɗaya yake yi: ko cikon ya toshe wa gaiwar da ke ƙasa numfashi tun tuni, ko kuwa da sauransu, iska tana ɗan ratsa ɓaraguzai tana kai musu. In da sauransu, to yanzu ruwan yake gangarawa. Zai taɓa su, su warware jela, su yunƙuro sama yadda suka saba kowace shekara.

Tun yana yaro, duk ruwan fari yakan tsaya a wannan gaɓar ya roƙa musu ruwa mai yawa. Yau ya ɗaga hannu, ruwa yana zuba a tafinsa. Hashim ya ga addu'a ce, shi ma ya ɗaga nasa.

"Ya Allah," in ji tsohon, "ka sa sun riga sun mutu."

Hashim ya riga ya ce amin kafin ya ji abin da aka roƙa.