Layun Lalla a Jikin Tiyo

Ni dai ƙosai nike toyawa bakin garajin Rabilu a Mayahi, kunnena kuwa lafiyarshi lau.

Babbar motar Hamani, mai kwasar 'yan kasuwa zuwa Attantane, tun farkon damina take tari. Tana cikin tafiya sai ta shaƙe, ta yi fat-fat kamar tsoho ya ƙware da fura, sannan ta ɗauka. Rabilu ya canza buji, wato fulogi, ya wanke karbireta, ya zubar da man kwalba ya zuba na gidan mai. Ciwo sai gaba yake.

Ran kasuwa da safe, Rabilu ya tura hannu can ƙasan inji ya ce, "Hamani, zo ka gani." Na bar kasko na leƙa, ai ba a yi ba ni ba. Layu ne jere jikin tiyon mai, ɗaure da ɗanyar fata. Zafin inji ya busar da fatar ta tsuke, ta maƙure tiyon har ya tsage, mai na tsattsafowa.

"Aikin Inna ne," in ji Hamani, murya ƙasa. Ashe uwarshi Lalla, duk sanda ta ji motar ta yi tari, sai ta nemo wata laya ta ƙara.

Rabilu ya zaro wuƙa. Sai ga Lalla da ƙullinta.

"Ɗan nan, ka taɓa su ka taɓa ni. Uban Hamani bisa hanyar nan ya rasu, motarshi ba laya ko guda."

Rabilu ya ce, "Inna, mai na ɗiga bisa ƙarfe mai zafi. In ba ta mace tsakiyar ƙorama ba, wuta za ta kama."

"Tofar da mugun yawu!"

Hamani ya dubi wuƙa, ya dubi uwarshi. Ya rufe inji a hankali. "Bari sai mun dawo kasuwa."

Na zagaya na tsegunta ma matan da ke hawa. Suka yi dariya, wai yaushe bakina ya taɓa hutawa. Ƙanwata Balkisu kaɗai na riƙe ma zane har ta sauko da kajinta, tana zagina.

Lalla ta shige mota, ta zauna gaba. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, motar ta nufe shi tana tari.

Inda ta tashi, rairayi ya jiƙe da mai, ɗigon ya bi sawun taya har kwana. Rabilu ya daɗe yana kallonshi, sannan ya ce, "Iya, ja murhunki baya."