Dirkokin Rumbuna

Shekarun da na yi aure da Tsahara a Tajaye, rabinsu na ƙare su ne ina yaƙi da ƙwaro. Wasu maza an san su da noma, wasu da fatauci har Sakkwato. Ni an san ni da tsugunno ƙarƙashin rumbu, gindi sama.

Ƙwarin nan baƙaƙe ne, manya, kamar ƙudan zuma da ya ƙoshi. Ba su yin zuma, aikinsu huda itace. Su sami dirkokin da sunka ɗauki rumbu, su yi rami kamar an sa yatsa, garin itace na zuba ƙasa. In an ƙyale su, wata rana rumbu ya durƙusa da hatsin shekara a cikinsa. Na ga hakan gidan Munkaila maƙwabcina, na rantse ba za a gani gidana ba.

Na yi musu hayaƙin kashin shanu har idona ya yi ja. Na toshe ramuka da yumɓu. Na taka har Tsarnawa na roƙi baƙin man mota wurin wani direba, na shafe dirkokin ɗaya bayan ɗaya. Kaza ma ta daina kwana wurin.

Tsahara kan zauna tana sussuka tana kallona. Takan ce ƙwarin sun fi ni zuwa gona, tunda kullum tana ganin su kan furen wake. Ranar da ɗaya ya harbe ni a leɓe ta yi dariya har ta aje taɓarya.

"Maigida, wai wa kake tsare wa itacen ga? Ko jandarma bai tsaron buron gwamnati haka."

Na ce mata za ta gani.

Na ci yaƙin. A shekarar saba'in da uku ba rami ko ɗaya jikin dirkokina. Sai dai ruwa bai zo ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, wake bai yi fure ba, ƙwarin ma sunka bar garin ba tare da na kore su ba. Rumbu na tsaye daram, ba komai ciki sai iri a ƙwarya, shi ma munka cinye.

Tsahara ta fara cewa ta ƙoshi tun ba ta sa hannu ba, tana turo mini ƙwarya. Ciwon da ya zo bai tarar da wani abin kayarwa ba. Ta cika wata safiya kafin rana ta yi zafi.

Da anka gina kabari sai aka tsaya. Ba itacen da za a jera a rufe ta kafin a zuba ƙasa. Itatuwan gari duk an sare wa awaki, sauran an ƙone. Munkaila ya zo ya tsaya gabana, idonsa na kan rumbu.

Ni na ɗauko gatari. Munka kwantar da rumbun a hankali, munka zare dirkokin.

Liman ya ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa kafin a jera, ya ce bai ga itace mai lafiya haka ba duk shekarar. Na ce masa an kula da shi.

Bana wake ya yi fure, ƙwarin sun dawo. Suna huda ƙyauren ɗakinta. Ina zaune ina jin su.