Ana Ambatonka, Dokta

Ranar da aka gunguro Sulley a keken marasa lafiya zuwa ɗakin maza, Faridatu tana wanke hannu. Ta ɗago kai ta gan shi, sai ta manta da famfo yana zuba. Ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum, numfashi yana yi masa gardama, ga zazzaɓi ya dafa shi. Amma shi ne dai, Sulley mai shagon magani na Moshi Zango, wanda duk unguwa ke kira Dokta, alhali ko ƙofar makarantar likitanci bai taɓa leƙawa ba. Shi ne mutumin da ya kurmantar da mahaifinta.

Malam Alidu, uban Faridatu, ladan ne a masallacin layinsu tun kafin a haife ta. Lokacin tana makarantar koyon aikin jinya, ƙafarsa ta kumbura, fitsari kuma ya riƙa yi masa zafi. Maimakon asibiti sai ya tafi wurin Sulley, don shagon yana bayan gida, kuma Sulley ba ya sa mutum bin layi. Sulley ya haɗa masa allura biyu. Ɗaya janta, mai kashe ƙwayoyin cuta, ɗaya lasis, mai janye ruwa daga jiki, wadda matan zango ke kira allurar fitsari. Safe da yamma yana ɗirka masa su, babu awon jini, babu tambayar lafiyar ƙoda. Kumburi ya sauka, kowa ya ce Dokta ya iya aiki.

Ana nan sai kunnen Malam Alidu ya fara ƙara, wani siririn sauti kamar na sauro. To, a zango kowa ya san fassarar wannan. In kunnenka ya yi ƙara, wani ne yake ambatonka a wani wuri, sai ka yi salati ka ci gaba da harkarka. Da tsoho ya faɗa wa Sulley, Sulley ya yi dariya ya ce, "Baba, ana ambatonka da alheri ne. Miƙo hannu." Malam Alidu ya yi salati ya miƙa hannu.

Da Faridatu ta zo hutu, ta tarar da ubanta yana kiran salla ba ya jin muryar kansa. Sai ya ɗaga inda ake saukewa, ya ja inda ake yankewa, yara suna ƙunshe dariya a bayan masallaci. Ba da jimawa ba aka karɓe lasifika daga hannunsa cikin ladabi. A aji an koya mata abin da ya same shi: janta tana taruwa a jini in ƙoda ta gaji, ta cinye jijiyar ji, lasis kuma tana buɗe mata hanya. Ƙarar kunne ita ce gargaɗin farko, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Ta so ta kai ƙara. Liman Abdulwahab ya zo gida da dattawa, ya zaunar da ita ya ce, "'Yata, Sulley bai sani ba. Taimako ya yi niyya. Wanda bai sani ba, ba a kai shi hannun hukuma, ɗan zango ne." Mahaifinta ma, da aka yi masa bayani da hannu, ya ce ya yafe. Faridatu ta haɗiye maganarta, amma ba ta yafe ba, kuma ba ta taɓa yin kamar ta yafe ba. Shekara da shekaru tana zagaye ta wani lungu don kada ta wuce gaban shagon. Abin da ya fi cinta shi ne tambaya guda: da gaske bai sani ba?

Yanzu ga shi a gadon kusa da taga, a ɓangaren da take kula da shi. Awo ya nuna ƙwayar cutar da ta shiga jininsa janta ce maganinta, ruwan da ya cika masa ƙirji kuma sai lasis. Likita ya rubuta duka biyun, ya ce a sa ido sosai. Faridatu ta sa ido fiye da yadda aka ce. Tana auna fitsarinsa, tana ɗora shi a ma'auni, tana tura lasis a jijiya sannu a hankali yadda ƙa'ida ta ce. Ba ta gaishe shi, ba ta zaginsa. Shi kuma in ta zo sai ya kau da kai ya riƙa kallon taga, kamar akwai abin kallo a bangon ɗakin wanki.

Ranar Juma'a ta karɓi aiki da azahar. Ta lura fitsarin da ke cikin jaka ya ragu ƙwarai. Ta lura kuma yana sa ɗan yatsa a kunne yana girgizawa, yana karkata kai. Ta gyara ƙarin ruwa za ta wuce, sai ya kira ta a hankali.

"Sista Farida. Kafra, yi haƙuri, tsaya kaɗan. Kunnena yana ƙara tun safe."

Faridatu ta tsaya. Wani daɗi mai ɗaci ya taso mata. Ta dube shi ido cikin ido, karo na farko tun da aka kawo shi, ta ce, "Ana ambatonka ne, Dokta. Yi salati."

Ta zaci zai yi salatin. Sai ta ga fuskarsa ta sauya, gumi ya karyo masa a goshi. Mutumin da ya yarda ambatonsa ake yi ba ya irin wannan tsoro. Ya kama gefen gado ya ce a kira masa likita. Ta ce likita ya gama zagaye tun safe, ta juya ta fita.

A ɗakin magani ta jingina da kabad. Ashe ya sani. Ashe ranar da ya ce wa ubanta ya miƙo hannu, ya san abin da ƙarar take nufi, kawai bai so a ce maganin Dokta ya yi ɓarna ba. Ta ɗauko 'yar kwalbar janta ta riƙe a tafin hannu. Allurar yamma tana rubuce da hannun likita. In ta yi shiru ta zuƙa ta tura, babu mai tuhumarta da komai. Yau da gobe da jibi, Sulley zai shiga inda ya tura Malam Alidu. Wallahi ta so hakan, ta so shi ƙwarai, har ta fasa bakin kwalbar.

Sai ta hango yadda abin zai kasance. Sulley zai koma zango kurma, mata su taru suna cewa Allah sarki Dokta, asibiti sun cuce shi. Zai zauna a shago ana tausaya masa, kuma duk abin da za a faɗa a kansa ba zai taɓa ji ba. Liman zai ci gaba da cewa bai sani ba. Ta ga cewa wannan rahama ce, ita kuma ba rahama take nufinsa da ita ba. Ta jefa kwalbar a kwandon allurai, ta buga wa likita waya, ta faɗa masa ƙarar kunne da raguwar fitsari. Likita ya ce a tsayar da janta nan take, a ɗebi jini a duba ƙoda, ya faɗi wani maganin a madadinta. Ta yi duk wannan. Sulley kaɗai ta ƙi gaya wa.

Ta san al'adar mutanenta. Ranar Juma'a bayan la'asar dattawa sukan cika motar haya ta tirotiro su zo dubiya. Haka kuwa aka yi. Liman Abdulwahab ya shigo da mutum biyar ko shida, da ledar ayaba da lemo, suka kewaye gadon. Abin da ba ta yi tsammani ba shi ne mahaifinta. Ga shi can a ƙarshen benci da farar rigarsa ta Juma'a, ya biyo su don ya duba maƙwabci. Amma ta riga ta ɗauko farantin allura, kuma ba ta jin za ta iya ajiyewa.

Ta gaishe da dattawa har ƙasa, ta ajiye faranti, ta ɗaga sirinji sama tana ɗan ƙwanƙwasa shi da farce. "Dokta, lokacin allura ya yi. Miƙo hannu."

Sulley ya janye hannu ya cusa a ƙarƙashin bargo. "A'a. Ba na so. Ku kira likita."

"Ei, Sulley," in ji Liman yana dariya, "kai da kake yi wa duk zango allura, yau kai ke gudun allura?"

"Malam, kunnena yana ƙara!"

"To mene ne? Ana ambatonka ne. Mu ne ma, tun a mota muke zancenka."

Dattawa suka yi dariya, ɗaya ya ce ya yi salati. Faridatu ta janye bargo, ta kama hannunsa, ta goge bakin robar da ke jijiyarsa da auduga, a hankali, ba gaggawa. Sulley ya fizge har ƙarfen ƙarin ruwa ya yi girgiza.

"Ba ambato ba ne koraa, ko kaɗan!" ya daka tsawa, duk ɗakin ya waiwayo. "Janta ne! Janta da lasis in an haɗa, kunne ya fara ƙara, kurumta ne yana zuwa! In ba a tsaya ba ya tafi ke nan, ba magani! Duk mai sayar da magani ya san wannan! Yarinyar nan so take ta kashe mini kunne!"

Faridatu ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, da murya mai sanyi yadda kowa zai ji, "Wannan ba janta ba ce. Tun azahar na gaya wa likita aka tsayar da ita, don aikina ke nan. Kunnenka zai tsira in Allah ya so." Ta ɗan dakata. "Amma Dokta, duk mai sayar da magani ya sani, ka ce? Tun yaushe ka sani?"

Sulley ya dubi Liman, Liman ya dubi ƙasa. Dattijon da ya ce a yi salati ya cire hularsa ya mayar. Ɗaya bayan ɗaya idanu suka koma ƙarshen benci, inda Malam Alidu yake zaune yana jan carbi.

"Sulley," in ji Liman, "ni na je gidan mutumin nan na rantse ba ka sani ba. Da bakina."

Hawaye kawai Sulley yake yi. Faridatu ta kama hannunsa, wannan karon bai hana ba. Ta tura maganin sannu a hankali har ya ƙare, ta rufe robar. Ta san kafin magariba labarin zai riga dattawan isa zango, kuma Sulley zai ji kowace kalma da kunnuwansa biyu. Ta jira daɗin da ta yi shekaru tana tanadi ya sauko mata. Ya sauko, ba ta musu ba, ta ji shi har yatsun ƙafa.

Sai benci ya motsa. Malam Alidu ya ga ana kallonsa, ya ga maƙwabcinsa yana kuka, ya ɗauka ciwo ne ya tsananta. Ya taso ya dafa kafaɗar Sulley, ya yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, har na gadon ƙarshe ya ji.

"Yi haƙuri, Dokta! Allah ya ba ka lafiya! Kada ka ji tsoro, 'yata tana da hannu mai sauƙi!"

Babu wanda ya ce amin. Tsoho ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, murmushinsa ya fara raguwa. Ya juyo wurin 'yarsa, ya ja hannun rigarta.

"Farida, me ya faru? Me ya ce?"

Ta buɗe baki, ga amsar nan a kan harshenta, amsar da ta yi shekaru tana nema. Dattawa suka sunkuyar da kai suka bar ta da shi. Tsoho ya karkato mata kunnensa na dama, yana jira.