Jikar da Amai Ya Tsallake

"To ki faɗa mana, Kaka, me kike ba ta da ba kya ba namu?"

Matar direba ce ke tambaya, ɗanta saɓe a kafaɗa, ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na tsayar da keken ɗinki na leƙa. Ɗakina yana kallon tsakar gida, kuma duk wanda ya ce miki ba ya sa ido, taga ce ba shi da ita.

Kaka ce ke rainon yaran gidan hayarmu idan iyaye sun fita aiki. Tsabtarta har ta yi yawa. Kowane yaro da kofinsa, ta ɗaura zare a mariƙin, kowa da launinsa. Sai ga amai da gudawa sun shigo suna bin yara ɗaki-ɗaki. Duk suka kwanta ban da jikarta, wata siririyar marainiya da muke kira Tsinke. Ita kam tsalle-tsallenta take yi a bakin famfo. Bara ma haka aka yi, kuma mata ba sa manta irin wannan.

"Abin da suka ci shi ta ci," in ji Kaka.

"Jan zaren kofinta fa?" in ji Maman 'yan biyu. "Me ya sa nata ne kaɗai ja?"

Na ɗaga murya ta taga na ce ragowar ɗinkin rigar matar direba ne, ni na ba ta. Ba wadda ta waiwayo. Mai neman kuka aka jefe shi da kashin awaki.

Kaka ta miƙe. Ta ɗauko kofin ɗan direba, wanda ya sha yanzun nan ya amayar, ko ɗauraya ba ta yi ba. Ta cika shi da ruwa, ta ba Tsinke rabi, ta shanye sauran. Kaka fa, da ke wanke kofi sau biyu kafin ta ajiye.

"Shi ke nan?" ta ce. "Sai mu jira."

Muka jira kuwa. Tsinke ko tusa ba ta yi ba. Kaka ce ta kwanta.

Na haɗa mata ruwan gishiri da sukari, yana shiga yana dawowa. Na ce mu tafi asibiti, ta girgiza kai. Ta sa na jawo katifarta bakin ƙofa, na ɗage labule.

"Bar ni nan, 'yar nan. Su gani da idonsu nima yana kama ni."

Suna gani ɗin. Suna wucewa da bokitansu suna satar kallo. Na ji Maman 'yan biyu tana cewa a bayan shanya, "Na kwana biyu ne, don a ce." Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba zan ɓoye ba, ni ma abin yarinyar ya ɗaure mini kai. Kofi ɗaya, ciki biyu.

Sai da idanun Kaka suka faɗa, leɓenta ya tsage, sannan mai walda na ɗakin ƙarshe ya taya ni ɗaukar ta zuwa asibiti. Nas ta yi ta neman jijiya tana faɗa, wai me ya zaunar da tsohuwa a gida har ta bushe haka. Da ta gama sa ruwan, na nuna mata Tsinke na kwashe labari na faɗa mata.

"Ba abin mamaki ba ne," ta ce. "Ƙwayar cutar sai ta sami wurin maƙalewa a hanji. Wasu yaran an haife su ba ta samun wurin, sai ta wuce abinta. Daga iyaye ake ɗaukowa, kuma ba kowa a dangi ke samu ba."

Na so Kaka ta ji, amma ta yi nisa. Da yamma ta buɗe ido ta kama gefen zanena.

"Sun gani?"

"Sun gani, Kaka."

Ba ta kai faɗuwar rana ba.

Bayan an kai ta, na tara matan a tsakar gida na maimaita musu maganar nas, ban rage komai ba. Har na fara jin sanyi a raina, sai matar direba ta gyara goyo.

"Daga iyaye, ko? Ai mun faɗa. A jini yake."

Tsinke ta dawo ɗakina, don ba mai ɗauka. Yaran gidan sun warke sun koma wasansu, amma da ta doso sai a ƙwala musu kira daga ɗakuna.

Shekaranjiya ina yankan yadi na ji gidan ya yi tsit, na leƙa. Tana kwance a kan simintin tsakar gida, ta naɗe ƙafafu, ta dafe ciki da hannu biyu. Na fito da gudu, almakashi a hannu. Na taɓa goshinta, sanyi ƙalau.

"Gwaggo, ki koma," ta ce a hankali. "Cikina ke ciwo."

Ido ɗaya ta rufe. Ɗayan yana kan ƙofar su 'yan biyu.