Lambar Malam da Allurar Uwargida

Maƙwabta sun ce tun da Malamin Lissafi ya yi ritaya ya auri kwamfuta. Mai shagon bakin layi ya ce in ka gaishe shi, sai ka kai gida kafin ya amsa. Matarsa dai takan ajiye masa abinci ta jawo ƙofa.

Wata lamba yake bibiya, mai tsawon da in aka buga ta a takarda sai ta cika littattafai. Yana kyautata zaton irin lambobin nan ce da babu mai raba su daidai sai ɗaya ko su kansu. Ka kasa ta gida biyu, gida bakwai, gida dubu, dole a samu saura. Kwamfutar ta yi watanni tana gwadawa, ga ta tsohuwa, in ta mutu farat ɗaya sai aikin ya lalace a koma farko.

Tun jiya aka ɗauke wuta. Da safe, bayan matar ta tafi shagon ɗinkinta, batirin da ke ba gidan wuta ya fara kukan ƙarewa. Ba zai riƙe firji da kwamfuta tare ba. A firjin kuwa allurar ciwon sugarta take, wadda zafi ke kashe wa ƙarfi. Malam ya daɗe a tsaye, sannan ya zare filogin firjin.

"Yanzun nan za su kawo," ya ce wa kansa.

Ba su kawo ba. Rana ta take, kwanon rufi ya ɗau zafi, gwajin saura ƙiris amma ya ƙi ƙarewa. Sai ya ji ƙarar ƙofa, ya ji takun matarsa ya nufi kicin. Aka buɗe firji.

Ta shigo riƙe da 'yar kwalbar allurar, gumi a goshinta.

"Malam, firjin nan ya lalace ne?"

"Bai lalace ba."

Ta dubi allon kwamfutar yana haske abinsa, ta dube shi.

"Tun yaushe?"

"Tun fitarki."

"To, amaryarka ta ƙoshi?" Ta yi 'yar dariya mara daɗi. "Taɓa ka ji. Kamar ruwan wanka. Ita ce ta ƙarshe, kuma kantin magani sun ce sai wani satin."

Ya taɓa. Da ɗumi.

"Saura kaɗan ta gama," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ta gama ta faɗa maka me? Cewa lambar ba ta rabuwa? To sai me?"

Ya duƙa ƙarƙashin tebur, ya laluba wayar wutar kwamfutar, ya fizge. Allon ya yi baƙi. Ya ɗauko hularsa don ya zaga asibitoci neman wata allurar, ya tsaya a bakin ƙofa bai iya haɗa ido da ita ba.

"Uwargida, na zalunce ki yau. Ki yi haƙuri, ki yafe mini."